Hannun da Na Hana

Ni na doki hannun nan, ban ɓoye ba.
Da ludayin koko na doke shi,
ran da ya kai loma baki a gaban baƙi,
yana ɗan shekara huɗu, muna gidan haya a Kakuri.
Na ce, Zailani, da dama ake ci,
dama ake miƙa wa babba.
Ya dube ni, ya mai da hagun bayansa
kamar mai ɓoye kayan sata.

Shekarar da masaƙa ta rufe ƙofa
ubansa ya dawo da katin aiki da tari,
yaro ya koma jifan mangwaro a bakin kogi.
Can Koci Bitrus ya gan shi.
Ya zo har ƙofar ɗaki da kekensa, yana haki:
"Mama, bahago muke nema tun bara,
gefen dama na fili ba ya buɗuwa sai da hagu."
Na ce, wannan wace irin magana ce,
a nemi dama da hagu?

Filin Murtala, siminti, rana tsaka.
Gwiwa ta saɓule, ta warke, ta sake saɓulewa.
Taku uku, in ji shi, ba a ƙara na huɗu,
ka tashi sama, ka saki kafin ka dira.
Ƙaron da suke shafa wa tafi
ya ɓata min zanen gado biyu,
sabulu ya gaza, sai da na sa kananzir.

Kulob na farko da takalmi suka biya shi.
Na biyu, a Legas, wata huɗu babu albashi,
yana ce min "lafiya lau" a waya,
ni kuwa na san muryar mai kwana kan garin rogo.
Daga nan Tunis.
Daga nan wani gari a Faransa
wanda har yau harshena bai ɗauki sunansa ba,
inda ya ce sanyi na cin ƙashi,
daddawa kuwa sai a mafarki.
Kuɗin da ya aiko suka rufa mana kwano,
suka sayi maganin ubansa, har ran da magani ya daina amfani.
Bai samu jana'iza ba. Suna da wasa.

Ran da ya sa kore da fari
muka cika shagon Ɗanladi mai gyaran talabijin,
janareto na tari, hoto na rawa.
Saura daƙiƙa tara, ana kunnen doki,
alƙali ya nuna jifan mita bakwai.
Na ga ya tsaya a layi.
Na ga hannun ya tashi.
Wallahi ludayin nan na tuna, ba komai ba.

Sai janareto ya mutu.

Duhu, da warin mai, da salatin mutane.
Ihun layin baya ne ya gaya min ta shiga.
Har yau ban ga ƙwallon nan ba,
ko da sun ce tana cikin waya, na ce su bar ta.

Yanzu ya dawo, shekara talatin da biyar,
kafaɗa da ɗinki, ɗan yatsa kamar lauje.
Gidan da aka yi musu alkawari yana nan a bakin masu alkawari.
Lambar tagulla na cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa.
Ran Asabar yana ɗaukar yaran unguwa a Keke Napep,
na masallaci da na coci, kowa da ledar ruwansa,
ƙwallo uku, ɗaya da faci.

Jiya 'yarsa Nusaiba ta zauna gabana,
tuwon masara, miyar kuka.
Ta miƙa hagu cikin kwano.
Ludayi na hannuna.
Zailani na bakin ƙofa, bai ce komai ba,
yana murza kafaɗar nan.

Na ɗaga ludayin.
Na ƙara mata miya.