Lita Ɗaya da Rabi

Shekara talatin ina gyaran injin ban-ruwa
a garaken albasa na kwarin Tadis.
Daga tarin inji nake gane ciwonsa:
wanda ya sha yashi, wanda robarsa ta cinye,
da wanda tsufa ne kawai.
Shi ya sa ranar da likita a Yamai
ta juyo mini allon na'urarta,
na ga wani abu yana buɗewa yana rufewa kamar mai jin barci,
ban bari ta wahala da bayani ba.
Na ce: Yana ja, ba ya turawa.
Ta cire tabarau ta ce: Malam Asumana, wa ya gaya maka?

Sukari ya riga shi zuwa.
Shekara goma sha huɗu muna ɗaki ɗaya,
na san halinsa, ya san yatsuna goma,
babu wanda bai huda ba.
Har na fara cewa mun saba.

Yanzu masu gida biyu gare ni.
Sukari ya ce: sha.
Zuciya ta ce: kul!
Tsahara ta samo gorar roba ta ɗaura mata zare a wuya,
lita ɗaya da rabi, daga asuba zuwa asuba,
a garin Tawa, a watan da kwalta ke kama takalmi.
Ni da na shayar da kadada dubu
ina auna ruwana da murfin buta.

Ga abin dariya kuma, ruwan yana nan.
Ya sauka ƙafa ya yi zamansa.
In na danna ƙwauri da babban yatsa
ramin ba ya ciko sai na gama tasbihi.
Takalmin sallar bara yana kallona daga ƙarƙashin gado.
Da dare ruwan ya hauro ƙirji,
matashi uku, wani lokaci huɗu,
ina barci a zaune kamar mai jiran mota a tasha.

Kowace safiya Cindo mai sayen albasa
yana ɗora ni a sikelinsa kafin buhuna.
Saba'in da takwas. Saba'in da tara.
Ya ce da ni albasa ne da ya yi murna.
In ya kai tamanin ba ya cewa komai,
sai ya aiki yaro ya kira Tsahara.

Allura tana kwana a gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi,
don kuran ɗin garin nan ba ya riƙe amana.
Takardar magani jikka ashirin da biyu a wata.
Na sayar da babur.
Miya ba gishiri, shayi ba sukari,
malku kuwa sai dai ƙamshi in an wuce da shi.
Ban yi kuka don waɗannan ba.
Ranar da aka kawo mini kujera a sahun farko,
na ga goshin kowa ya kai ƙasa ban da nawa,
ranar ce.

Hamsin da biyu.
Ubana a wannan shekarun yana haƙa rijiya.
Habsu tana aji uku, ta ce likita za ta zama,
na ce ta yi sauri.
Ta ɗaure fuska, ba ta son irin wannan wasa.

Jiya Ƙasimu ya kawo wani tsohon inji a amalanke,
ya ce mai shi ya ce a sayar a kilo.
Na sa ya tayar. Na kasa kunne daga inuwa.
Na ce: Rage masa wuta.
Gajarta masa tiyo. Kada a haɗa shi da rijiya mai zurfi.
Ruwa ya fito, ba da ƙarfi ba,
siriri, yana tsayawa yana dawowa,
ya bi kwali ɗaya, ya shiga na biyu.
Ƙasimu ya ce: Zai kai kaka?
Na ce: Kai dai zuba masa mai.

Na duba gora. Saura yatsa uku, ga la'asar ba ta yi ba.
Na kurɓa, na riƙe a baki,
ban haɗiye da wuri ba.