Ɗakin Cigiya

A tashar bas ta Marquette nake aiki,
bayan kanti, kusa da injin shayi mai tari.
Daga Nuwamba har ƙanƙara ta saki tafki
kwali ɗaya ke ciyar da ni da hira:
hulunan sanyi da kawuna suka manta.

Na farko yau Réjean ne, direban katako daga Kebek.
"Tuk ɗina," in ji shi, "ja, mai tuntu."
Ya faɗi kalmar kamar mai buga ƙofa.
Sai da ya shinshina ta ya yarda tasa ce.

Sai Lurleen, daga tsaunukan Tennessee,
haƙora na kaɗawa,
wai ta bar tobogan a kujera ta tara.
A garinmu wannan katakon sulu ne
da yara ke hawa su gangaro tudu.
Na ce, baiwar Allah, ta ina ya shiga mota?
Ta ce, "A kaina ya shigo."
Muka tsaya kallon juna
kamar kurame biyu a bakin rijiya.

Mu nan cuk muke cewa.
Da cuk kakana Toivo ya shiga ramin ƙarfe,
da ita ya fito, shekara talatin da ɗaya,
bai taɓa jin tana da wani suna ba.
'Yan Minnesota su ce hular safa,
tsohon sojan ruwa ya ce hular gadi,
ni dai nawa in miƙa.

Hilkka na kan benci kullum da alluranta,
motar da take jira ba ta damu ta zo ba.
Ita ce alƙaliyar kawuna.
Wani ɗalibi, Dashiell, ya zo neman bini,
mai lilo a ƙeya, kunnuwa duk a waje.
Ta dube shi ta saman tabarau:
"Hula ta kama kai, yaro.
Wannan jelar mece ce, jakar ajiye iska?
Kwalliya ba ta biya kuɗin ulu ba."
Ya ce yayi ne.
Ta ce, "Janairu bai san yayi ba,
kunne yake ci."
Ya fita yana dariya, jela na reto.

Gab da rufewa wani dattijo ya shigo,
dusar ƙanƙara kwance a sanƙonsa.
Na ce, tuk, cuk, ko bini?
Ya ce bai sani ba.
Toka-toka ce, ta yi masa yawa,
tana zubowa har wuyan riga.
Sigrun ce ta saƙa, ta ƙarshenta,
lokacin da lissafi ya fara kuɓuce mata.
Ta manta inda ake tsayawa,
shi kuma bai ce ta tsaya ba.

Tana can ƙasan kwali, na zaro ta.
Hilkka ta miƙo hannu, na ba ta.
Ta bi layukan da babban yatsa,
inda suka matse, inda suka saki,
inda zare ya tsallake ido uku
ya dawo ya kama hanya.
Na jira hukunci.

Ta miƙe, gwiwa na ƙara,
ta sa masa ita da kanta,
ta ja har kunnuwa suka ɓace,
ta gyara jelar ta kwanta daidai a bayansa.
"Ulu mai kyau ne," iyakar abin da ta ce.

Akwai gurbi a rajista na sunan kaya.
Na daɗe riƙe da biro.
Na rubuta: ta Sigrun.
Na kashe fitila. Saura goma sha huɗu a kwali.