Lissafi a Bayan Kalanda

Daren Laraba, an ɗauke wuta tun la'asar.
Na juya tsohuwar kalanda, na ɗauko biro,
Kulu ta haska tocila, muka zauna lissafin haya.

Alhaji Sahabi ya aiko yaro da takarda:
ɗansa zai yi aure bayan Babbar Sallah,
ciki da falon da muke za a gyara wa amarya.
Wata uku ya ba mu, mu nemi wata hanya.

Na bi Cika dillali a kan kabu-kabu,
Mabera, Arkilla, har can Gidan Igwai.
Kowace ƙofa sai na biya kuɗin gani,
ko da ɗakin bai fi akurkin kaji ba,
man babur ɗin ma ni na saya.

Wanda ya kwanta min a rai yana Runjin Sambo,
ɗaki biyu, ga dogon yaro a tsakar gida.
Dubu ɗari uku a shekara, in ji Cika,
"Wanga gida arha na, Lawali, kak ka tsaya."

Na rubuta ɗari uku. Kulu ta ce in sauko ƙasa.
La'adar Cika, goma cikin ɗari, talatin ke nan.
Biyar na mai rubuta yarjejeniya.
Sai ashirin da mai gida zai riƙe a hannu
don ko mu fasa masa taga, wai sunanta ajiya.

Na ce mun gama. Ta dube ni, ta yi dariya:
"Ka ga famfo a gidan? Ka ga rijiya?

Kurar mai ruwa nawa take in bazara ta kama?
Mita guda ce, ga iyali huɗu a kanta,
na ƙuryar can firjinsa biyu, yana sai da ƙanƙara,
amma kuɗin wuta a raba daidai, kowa ya biya.

Kai kana duban inda za ka rataya fanka,
ni ina duban tabon ruwa a silin.
Sa kwano biyu da ƙusa kafin damina.
Sa yasar masai, sa mai kwasar shara,
sa kurkurar da za ta ɗauki kaya.

Makarantar Luba ta yi nisa daga can,
kullum sai an hau, zuwa da dawowa."
Na yi shiru, biro na ta tafiya.

Da na haɗa, ɗari uku ta haifi 'ya'ya,
ta doshi ɗari huɗu, ba ta ko waiwaya.

Ni mai gyaran fanka ne a bakin kasuwa.
Watan zafi ina cin nama, ina ba da bashi,
sanyi na shigowa sai in koma gadin shago,
ba mai tuna fanka, balle ya tambaya.

Muka zazzage abin da ke akwai.
Ɗari biyu da arba'in a banki.
Kwasar adashin Kulu na watan gobe, casa'in,
guminta ne na soya ƙuli da tunkuza.
Tunkiyar da na so in bari ta haihu,
ranar Juma'a za ta bi ni kara, ta tafi lafiya.

Ya kusa kaiwa, saura ƙiris.
Na ɗaga hannu zan ja layin ƙarshe, ta riƙe:
"Bar gurbi guda, kada ka cike.
Zazzaɓi ba ya aiko takarda irin ta Alhaji,
wannan gurbin nasa ne shi ɗaya."

Sai ta jawo gwangwanin madara, ta huda murfin:
duk fankar da na gyara, ɗari biyar a ciki,
tun daga daren farko a sabon gida,
don hayar baɗi ta same mu a shirye,
ba da rance a baki ba, ba da kunya.

Can wajen sha biyu aka kawo wuta.
Fankar wani da ya bari tun bara bai karɓa ba
ta yi tari sau biyu, ta fara juya.