Rijiya ta Bakwai

Shekara talatin mahaifin Tjerk na tatsar ƙasar nan ta arewacin Holan
har nononta ya ƙafe.
Yau ɗan ke mayar mata da gas:
da bazara a ɗura, da ɗari a zuƙe.

Ba kogo ba ne a ƙasan, ya ce wa Aukje,
dutsen yashi ne mai ƙofofi kamar soso,
gishiri ya kwanta a kansa, kauri bisa kauri,
murfin da ya girmi tekun da ke bayan garinmu.

Tsohuwar ta ja shi bangon kicin,
ta zura yatsa cikin tsagar da ta buɗe
shekarar da kofuna suka yi rawa a kan kanta.

"Gishirin na yarda da shi.
Hudojin da kuka yi masa fa?"

Bai amsa ba.
Rijiya ta bakwai ke hana shi barci,
sumuntinta ubansa ya dama,
shi kuwa ya kwanta dama, ba a tambayarsa.

Ƙarfe uku na dare, ruwa na dukan taga,
shanu na tuƙa a bisa murfin.
Allurar ma'auni ba ta motsa ba.
Ya rubuta lambar.
Ya sake dubawa.