Rudu da Burauza

Aliero, ƙarfe biyun dare.
Janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu,
saura kashi goma sha ɗaya a batirin kwamfutata,
warin albasa ya shigo ta taga
ya zauna kamar mai bin bashi.

Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ba ni aiki:
shafi ɗaya tak,
buhu nawa ya shigo, nawa ya hau mota zuwa Kudu,
wa ya biya, wa ya ce sai kasuwa ta ci.

Tsohuwar hanya na san ta kamar ƙofar gidanmu.
Ka rubuta, ka danna,
shafi ya yi fari fat,
ya tafi gaida sabar a wata uwa duniya
ya dawo yana haki.
Ba ta da kwalliya.
Amma wayar Malam Hantsi,
wadda kyauron roba ke riƙe da bayanta,
tana jin yarenta.

Sabuwar kuwa 'yar gayu ce.
A cikin burauza take ɓoye lissafi,
netwok ya tafi kiwo, ba ruwanta,
in ya dawo ta miƙa saƙo a asirce,
shafi ko ƙiftawa bai yi ba.
Na gwada ta a wayata, na yi murmushi ni kaɗai.
Na gwada a tasa,
allo ya zuba mini ido kamar ba mu taɓa haɗuwa ba.

Kuma na tuna ɗan Ige,
wanda ya share burauza kaf
don ya samu gurbin bidiyon kokawa.
Da lissafin wata guda na ciki,
wa zan kama?

Babana a rudu yake ajiye albasa,
kara da ciyawa, iska na bi ta ƙasa.
Shekarar da aka gina ma'aji mai fanka
bai zage shi ba, bai kuma rushe rudunsa ba.
Ya kai rabi can, ya bar rabi nan,
ya ce, "Kulu, ruɓewa ba ta sallama."
A ranar na ɗauka tsoro ne.

Saura kashi huɗu.
Na rubuta layi uku, yatsuna na rawa:
a tambayi waya tukuna.
In za ta iya, a ba ta sabuwar.
In ba za ta iya ba, kar a kunyata ta,
a bi da ita ta tsohuwar hanya.
Kowace kuma ta aika kwafi gida.

Allo ya mutu kafin in duba kuskure.

Da safe Malam Hantsi ya karɓi wayarsa,
ya goge ta da bakin riga,
ya jira farin ya wuce.
Bai tambaye ni wace hanya na bi ba.
Ya ce, "Bashin Tambari na nan?"
Na leƙa.
Buhu bakwai, yana nan daram.