Kashegarin Sallah a Agege

Na sauka Ikeja ranar jajibere,
akwati biyu, ɗaya ya karye ƙafa a hanya,
ina jan sa kamar ɗan akuya mai gardama.
Zafin Ikko ya tarye ni tun daga bakin ƙofa,
ya rungume ni da gumi, bai tambayi biza ba.

Wata uku na yi a Gwanzu.
Na koyi ciniki da yatsu da na'urar lissafi,
na koyi cin shinkafa da tsinke biyu,
rabi a baki, rabi a cinya.
Wata rana a cikin lif
wani da ban sani ba ya ce wa waya, "Kai, haba dai!"
Na bi shi hawa bakwai, na wuce inda za ni,
don kawai kunnena ya sha ruwa.

Yau ga mu a saman benen Sallau,
bayan layin dogo, inda jirgi ke kaɗa kofuna.
Ragon da aka sayo a Alaba ya zama labari,
sai kai da ƙafa ke tafasa a tukunyar Gwamma.
Iya Sikira ta aiko da miya daga ƙasa,
irin mai sa ƙato kuka ba a yi mutuwa ba.
Mati ya hau da janareto a kafaɗa,
ya san halin masu wuta ranar biki.

"To, matafiyi, zuba mana."
Na ce akwai gadar da ta fi ta Ikko tsawo.
Barau ya ce ƙarya fure take.
Na ce jirgin ƙasa ba ya latti ko da minti.
Suka yi dariya har Mati ya ƙware.
Ban faɗi daren da zazzaɓi ya kwantar da ni
a ɗakin da taga ba ta buɗuwa,
babu mai cewa sannu ba.
Wannan tsarabar ta yi nauyi, na bar ta a akwati.

Kujerar Tanimu babu kowa.
Mun jingine waya da fulas ɗin shayi,
sai ga shi daga Toronto,
hular Sallah a kai, rigar aiki a jiki,
can rana ba ta ko yi tsaka ba.
Gwamma ta zuba masa romo,
ta ajiye kwanon a gaban gilashi.
Ya ce, "Ku matso da shi in ga tururin."
Muka matso.
Ya buɗe baki zai yi magana, layi ya tsinke,
fuskarsa ta daskare tana rabin murmushi.
Ba wanda ya taɓa kwanon
har kitse ya kwanta a kai.

Can ƙasa kwandasta na kiran Oshodi, Oshodi,
hadari ya taso daga wajen teku.
Saura kwana goma sha biyu in koma,
tikitin na aljihuna, ban gaya wa kowa ba.
Amma Gwamma tana ƙulla soyayyen nama a leda,
ƙulli biyu, ba ta dube ni ba.
Ta ce, "Ɗaya naka.
Ɗayan, in hanya ta bi da kai ta wajensa."

Ban ce mata gabas daban, yamma daban ba.
Na karɓa.
Ruwa ya sauko, muka kwashi tabarmi da gudu,
Barau na ihu a ceci janareto.