Gwiwar Baba Dalyop

Daren Litinin kwafi ya tafi lafiya.
Talata ma haka.
Laraba, ƙarfe biyu da kwata,
ya kai kashi tamanin da bakwai ya toge
kamar jakin da ya hango gada.

Rumbun nan ba na wasa ba ne:
'yan fansho dubu ɗari huɗu,
kowa da ranar da ya kama aiki
da sunan mai gadonsa.
Kullum dare sai na tura su Bukuru ajiya,
saboda tsautsayi ba ya sallama.

Na zargi faifai, na sauya.
Na zargi janareta.
Na zargi Nanret da taɓa saiti
har ta daina gaishe ni.

Ina jera ranakun a bayan ambulan
sai mai gadi ya leƙo da kofin shayi:
"Sha uku ga wata? Ban runtsa ba, gwiwa.
Sha tara ma.
Ashirin da biyu har da ƙanƙara."

Gwiwar Baba Dalyop ba ta motsi sai da ruwa.

Da asuba na hau rufi.
Tsakanin eriyarmu da ta Bukuru
bishiyar turare ta miƙe bana.
In ta jiƙe, iska ta kaɗa ta,
sai ta tare hanya.

An sare reshe biyu.
Yau kwana tara shiru,
amma ruwan ma ya ɗauke, ban cika baki ba tukuna.
Na sayo wa Baba man zafi.
Nanret kuwa,
har yanzu ina neman ta inda zan fara.